Ma'anar Ikilisiya a Addinin Kirista: Jama'ar Masu Bi da Tarayyarsu

Tsakure

Idan aka ambaci coci, abin da ke faɗowa a ran mafi yawan Musulmi masu magana da Hausa shi ne ginin da Kiristoci ke taruwa a cikinsa ranar Lahadi. A ilimin aƙidar Kirista kuwa, kalmar da ake ginawa a kanta ita ce ikilisiya, wadda ke nufin mutanen da kansu. Wannan maƙala ta bi asalin kalmar da yadda jama'ar farko ta rayu, da abubuwan da ke ɗaure membobinta, da saɓanin da ya raba ta ɗariku, sannan ta auna ta da ma'anar al'umma a Musulunci.

1.0 Gabatarwa

Malaman Musulunci na da ba su ɗauki sanin sauran addinai a matsayin ɓata lokaci ba. Ibn Hazm, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, da Shaharastani, wanda ya rasu a 548, duk sun rubuta manyan littattafai a kan addinai da ƙungiyoyi, inda suka kasa Nasara kashi-kashi, suka bayyana abin da kowane kashi ya yi imani da shi kafin su yi masa raddi. Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a Suratul Ankabut, aya ta 46, da a yi jayayya da Ma'abota Littafi ta hanyar da ta fi kyau, kuma a Suratul Ma'ida, aya ta 8, ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci. Ba a iya yi wa mutum adalci a kan abin da ba a sani ba. Ɗalibin da ya san maganar Kirista game da Annabi Isa (AS) amma bai san yadda jama'arsu ta tsaru ba, ya san rabin addinin ne kawai, domin ta hanyar wannan jama'a ce aƙidar ke isa ga mutum, kuma ita ce ke riƙe shi a cikinta.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmomi uku ne ke yawo a bakin Hausawa. Ta farko ita ce coci, wadda aka aro daga Ingilishi, ita kuma kalmar Ingilishin ta samo tushe daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da yake na Ubangiji. Ta biyu ita ce majami'a, daga Larabci, wato wurin haɗuwa. Waɗannan biyun sun fi karkata ga wuri. Ta uku ita ce ikilisiya, daga kalmar Girkanci ekklesia, kuma ita ce littafin Sabon Alkawari ya yi amfani da ita fiye da sau ɗari.

Asali kalmar ba ta addini ba ce. A birnin Atina na tsohuwar Girka, ekklesia shi ne taron 'ya'yan gari da ake kira domin yanke shawara a kan yaƙi da doka da shugabanci. Littafin Ayyukan Manzanni, a sura ta 19, ya kira taron masu tarzoma a birnin Afisa da wannan suna. Kafin nan, Yahudawan Iskandariya da suka fassara littattafansu zuwa Girkanci sun riƙa sanya ta a madadin kalmar Ibrananci ƙahal, wato taron Bani Isra'ila a gaban Ubangiji. Da mabiyan farko suka zaɓi wannan suna, da'awa suke yi cewa su ne ci gaban jama'ar da Allah ya zaɓa.

Akwai wani abin lura ga mai bincike. A cikin Linjila huɗu da ke hannun Kirista, kalmar ta zo ne a ta Matiyu kaɗai, a ayoyi biyu, ɗaya a sura ta 16 ɗaya a sura ta 18. Sauran wuraren duk suna cikin Ayyukan Manzanni da wasiƙu, musamman na Bulus, da littafin Wahayin Yahaya. Wannan ya sa malaman tarihin Kiristanci kansu suke muhawara a kan ko Annabi Isa (AS) ya yi nufin kafa wata hukuma dabam da Bani Isra'ila, ko kuwa tsarin ya ginu ne bayansa.

3.0 Jama'ar Farko

Bisa ruwayar Kirista, ikilisiya ta fara ne a Urushalima, wato Ƙudus, a ranar idin Yahudawa na Fentikos. Sura ta biyu ta Ayyukan Manzanni ta ambaci abubuwa huɗu da jama'ar ta lazimta: sauraron koyarwar manzanni, da tarayya, da gutsura gurasa tare, da addu'a. Kalmar Girkanci da aka fassara da tarayya ko zumunci ita ce koinonia, ma'ana yin musharaka a abu ɗaya. Littafin ya ce masu gonaki da gidaje sukan sayar su kawo kuɗin a raba wa mabuƙata. Bai ɓoye matsala ba: a sura ta 6, masu jin Girkanci sun yi ƙorafin ana tauye gwaurayensu mata a rabon abinci, sai aka zaɓi mutum bakwai aka ɗora musu aikin. Kiristoci da yawa suna ganin nan ne tushen muƙamin dikin.

Rikici mafi girma shi ne na waɗanda ba Yahudawa ba. Da suka fara shiga da yawa a Antakiya, birnin da aka fara kiran mabiyan da sunan Kirista, sai tambaya ta taso ko wajibi ne su yi kaciya su bi shari'ar Annabi Musa (AS). Taron da aka yi a Urushalima wajen shekara ta 49 Miladiyya ya yanke cewa ba wajibi ba ne. Daga nan ikilisiya ta fita daga da'irar ƙabila ɗaya, kuma daga nan ta rabu da akasarin hukunce-hukuncen Attaura na zahiri. Malaman Musulunci masu raddi sun daɗe suna tsayawa a kan wannan mataki, suna ganin a nan ne koyarwar ta sauya hanya.

Kusan ƙarni uku jama'ar ta yi ba ta da manyan gine-gine. A gidajen mutane ake taruwa, kuma wasiƙun Bulus sukan gai da ikilisiyar da ke gidan wane. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren ibadar Kirista da aka tono, a garin Dura da ke bakin kogin Furatu a Siriya, gidan zama ne da aka gyara a tsakiyar ƙarni na uku. Sai bayan dokar Milan ta shekarar 313, wadda ta ba Kiristoci 'yancin addini a daular Rum, aka shiga gina manyan majami'u da taimakon sarki.

Shaidun wancan zamani sun nuna yadda taron yake. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan Rum mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tirajan cewa Kiristoci suna haɗuwa a wata rana ta musamman kafin fitowar rana, su yi wa Almasihu waƙa kamar abin bauta, su yi alkawarin ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba, sannan su sake haɗuwa su ci abinci. Wajen shekara ta 150, Yustinus ya siffanta taron Lahadi a birnin Rum: karatu, wa'azi, addu'a, cin gurasa da shan inabi, sai tara gudummawa domin marayu da gwauraye da fursunoni da baƙi. A tsakiyar ƙarni na uku, wata wasiƙar bishop na Rum ta nuna ikilisiyar birnin tana ciyar da gwauraye da mabuƙata sama da 1,500. Har Sarki Yuliyanus, wanda ya bar Kiristanci ya koma bautar gumaka, ya koka a shekarar 362 cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu da na maguzawan Rum gaba ɗaya. Masana tarihi da dama suna lissafa wannan kula da juna cikin manyan dalilan yaɗuwar addinin tun kafin ya sami goyon bayan mulki.

4.0 Abubuwan da ke Ɗaure Jama'ar

Ƙofar shiga ita ce baftisma, wato nitsar da mutum cikin ruwa ko zuba masa shi da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Katolika da Otodoks da Angilikan da Lutaran suna yi wa jarirai. 'Yan Baftis da akasarin ɗarikun bishara da na Fentikos ba sa yi sai ga wanda ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa, galibi bayan ya zauna ajin koyo na wasu watanni.

Na biyu shi ne Jibin Ubangiji, inda ake raba gurasa da ruwan inabi domin tunawa da abincin ƙarshe da mutuwar Almasihu a kan gicciye bisa aƙidarsu, abin da Alƙur'ani ya kore a Suratun Nisa'i, aya ta 157. A wurin Katolika gurasar da inabin suna rikiɗa su zama jikin Almasihu da jininsa a haƙiƙa, alhali ɗarikun Furotesta da yawa suna ɗaukar su a matsayin alama. A kowane hali, cin jibi tare shi ne shaidar cewa mutane suna cikin tarayya ɗaya, hana mutum shi kuma shi ne babban hukunci.

Na uku shi ne isar da saƙo, wanda suke kira bishara. Ƙarshen Linjilar Matiyu ya ƙunshi umarnin almajirtar da dukkan al'ummai, kuma a kansa aka gina ayyukan mishan. A cikin gida kuwa, akwai makarantar Lahadi ta yara, da nazarin littafi a tsakiyar mako, da abin da suke kira ba da shaida, inda mutum zai miƙe a gaban jama'a ya faɗi abin da yake ganin Allah ya yi masa na waraka ko buɗi ko tuba.

Na huɗu shi ne horo. Sura ta 18 ta Matiyu ta tsara matakai: a yi wa mai laifi nasiha a keɓe, in ya ƙi a je da shaida ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai shi gaban ikilisiya, in ya ƙi a ɗauke shi kamar bare. Bulus ya taƙaita wannan alaƙa da misalin jiki guda mai gaɓoɓi da yawa, wanda Almasihu ne kansa.

5.0 Saɓani a kan Wace ce Ikilisiya

Bayanin bangaskiya da aka tabbatar a taron Kustantiniya na shekarar 381, wanda ya ɗora a kan na Nikiya na 325, ya ba ikilisiya siffofi huɗu: ɗaya ce, tsattsarka ce, ta duniya baki ɗaya ce, kuma ta gaji manzanni. Duk da siffar farko, tarihi ya zo da rarrabuwa. Bayan taron Afisa na 431 ikilisiyar Gabas ta ware, su ne littattafan Musulunci ke kira Nasɗuriyya. Bayan taron Kalsidon na 451 Kibɗawan Masar da Habashawa da Armeniyawa da wani sashe na Siriyawa suka ƙi amincewa da matsayarsa, su ne aka fi sani da Ya'aƙubiyya, waɗanda suka bi ra'ayin sarkin Rum kuma aka kira su Malkaniyya. A 1054 ɓaraka ta fito fili tsakanin Rum da Kustantiniya. A 1517 Martin Luther ya fara boren da ya haifi Furotesta.

Daga wannan tarihi amsoshi uku suka fito. Katolika na ganin cikakkiyar ikilisiya ita ce wadda bishop-bishop ɗinta ke da silsilar naɗi har zuwa ga manzanni, suke kuma tare da Fafaroma a matsayin magajin Bitrus. Otodoks sun yarda da silsilar amma ba su yarda da ikon Fafaroma a kan kowa ba. Furotesta kuwa, kamar yadda takardar aƙidar Augsburg ta 1530 ta nuna, suna ganin ikilisiya ita ce taron masu bi inda ake wa'azin bishara daidai, ake kuma gudanar da baftisma da jibi yadda ya kamata. Hatta Katolika, a babban taron Batikan na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965, sun dawo da nauyi a kan siffanta ikilisiya da jama'ar Allah. Fa'idar wannan ga mai tattaunawa da Kirista ita ce ya fara sanin ɗarikar abokin maganarsa, domin maganar Fafaroma ba hujja ba ce a kan ɗan Baftis, kuma abin da wani fasto mai zaman kansa ya faɗa ba ya hawa kan Katolika.

6.0 Ikilisiya a Harshen Hausa

Hausa ita ce harshen ibada a ikilisiyoyi masu yawa na arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, har a tsakanin ƙabilun da ba Hausawa ba. Ƙungiyar mishan ta SIM ta faro a 1893, daga aikinta aka kafa ECWA a 1954. Ƙungiyar SUM ta iso Wase a 1904. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya taka rawa babba a cikinsa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya tana ƙirga farkonta daga wani taron sujada da aka yi a ƙarƙashin bishiyar tsamiya a Garkiɗa a watan Maris na 1923, lokacin da ba ta da gini ko ɗaya. Sunan haɗakar TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, ya haɗa kalmomin nan biyu da ake magana a kansu, tarayya da ikilisiya.

Ikilisiyar unguwa tana da rajistar membobi, da dattawa masu shawara, da ma'aji, da ƙungiyoyin matasa da mawaƙa da Zumuntar Mata, waɗanda ke ziyarar marasa lafiya, su tsaya a kan biki da jana'iza. Wanda ya ƙaura zuwa wani gari yakan tafi da takardar shaida daga fastonsa. Wanda ya yi laifi a bayyane akan sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi jibi har ya tuba.

A nan akwai tarko ga mai karatu Musulmi, domin masu fassara sun ɗauki kalmomin da Musulunci ya shigo da su cikin Hausa suka ba su wata ma'ana. Manzanni a littafinsu su ne almajiran da aka aika wa'azi, waɗanda suka fi kusa da Hawariyawan da Alƙur'ani ya ambata, ba Manzannin Allah masu karɓar wahayi ba. Sujada tana nufin dukkan taron ibada. Zakka ita ce kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu, babu nisabi babu jiran shekara, baiko kuma shi ne sadakar da ake tarawa a taro. Tauhidi a bakinsu shi ne ilimin aƙida gaba ɗaya, har da Triniti. Wanda bai kiyaye wannan ba zai zaci an yi ittifaƙi a inda aka saɓa.

7.0 Ikilisiya da Al'umma

Musulunci ya san Nasara a matsayin jama'a mai tsari tun farkonsa. Sahabbai sun sami mafaka a Habasha wajen Najjashi. Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa tawagar Najran ta zo Madina da mahaya sittin, cikin jagororinta har da bishop ɗinsu Abu Harisa, kuma yarjejeniyar da Manzon Allah (SAW) ya yi da su ta bar malamansu a kan muƙamansu. Suratul Hajji, aya ta 40, ta lissafa wuraren ibadar Nasara da Yahudu tare da masallatai cikin abubuwan da da sun rushe in ba don Allah yana tunkuɗe wasu mutane da wasu ba.

Kamanni tsakanin ikilisiya da al'umma a fili suke. Dukkansu sun ɗora 'yan'uwantaka a kan imani a maimakon jini, suna da taron mako, suna wajabta kula da mabuƙaci. Misalin jiki guda ma ya zo a ingantaccen hadisi game da tausayin muminai ga juna. Sai dai bambancin yana a tushe, ta fuskoki uku.

Fuska ta farko ita ce abin da aka taru a kansa. Al'umma ta taru a kan kaɗaita Allah da bin Manzonsa, kuma Annabi Isa (AS) a wurinta bawa ne kuma Manzo. Ikilisiya ta taru a kan bauta wa Almasihu a matsayin Ubangiji mai ceto. Misalin jiki a hadisi misali ne na tausayi, a wurin Bulus kuwa yana nufin haɗuwar masu bi da Almasihu kansa.

Fuska ta biyu ita ce tsani. A Katolika da Otodoks, ibadu bakwai masu tsarki suna gudana ne ta hannun ikilisiya, akasarinsu sai da firist da aka naɗa, har da furta zunubi domin samun gafara. Tun ƙarni na uku Bishop Kifriyanus na Kartaj ya koyar da cewa babu ceto a wajen ikilisiya. Furotesta sun rage wannan matuƙa, amma galibinsu sun bar baftisma da jibi a hannun wanda aka naɗa. A Musulunci mutum yana shiga da kalmar shahada, yana tuba kai tsaye ga Ubangijinsa, kuma duk wanda ya cika sharuɗɗa yana iya limanci. Suratut Tauba, aya ta 31, tare da bayanin da ya zo a hadisin Adiyyu ɗan Hatim, ta yi gargaɗi a kan bin malamai wajen halatta haram da haramta halal, gargaɗin da ya shafi kowace jama'a.

Fuska ta uku ita ce shari'a. Al'umma ta tashi a Madina da dokar ciniki da gado da hukunci. Ikilisiya ta tashi a ƙarƙashin daular da ba tata ba, sai ta gina hukumarta ta cikin gida. Wannan ne ya sa ta yi ƙarfi a rajista da kwamiti da bin sawun kowane memba.

8.0 Kammalawa

Ikilisiya a fahimtar masu ita jama'a ce da baftisma ta shigar, jibi ya haɗa, horo ya tsare, hidimar juna kuma ta riƙe. Sanin haka yana da amfani a aikace. Mai da'awa zai gane cewa Kiristan da ya karɓi Musulunci yakan bar mutanen da suka san sunansa, suke duba shi in ya kwanta ciwo, suke tara masa in zai yi aure. Idan abin da ya tarar bai wuce kabbara a ranar da ya yi shahada ba, an bar shi cikin kaɗaici mai haɗari ga imaninsa. Shari'a ta riga ta tanadi maganin wannan: ta sanya waɗanda ake lallashin zukatansu cikin masu cin zakka a Suratut Tauba, aya ta 60, kuma Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar mutum da mutum. Masallacin unguwa da ya san marayunsa da marasa lafiyarsa da sababbin musuluntarsa yana raya sunnar da take tasa ce tun asali. Allah shi ne mafi sani.